Iyalin da suka ɗauko yara takwas daga Koriya: abin da ya kamata mu sani kafin mu ba da ɗa zuwa wata ƙasa



A wata ziyarar aiki da na kai wani ƙauye bayan girbi, da aka tashi daga sujada sai wata tsohuwa ta ja ni gefe. Jikoki uku take riƙo tun rasuwar ɗanta. Ta ce wani baƙo ya zo ya faɗa mata cewa akwai masu hali a ƙasar waje da za su ɗauki ƙaramar su sa ta makaranta, abin da ake bukata kawai shi ne ta dangwala yatsa a takarda. Sai ta tambaye ni, "Ɗana, in na dangwala, yaushe za ta dawo?" Na ce mata, "Mama, kada ki dangwala tukuna, sai mun san abin da takardar ta ce."

Tambayar Mama ce ta sa na rubuta wannan bayani. Zan ba ku labarin wani iyali na Kirista a Amurka da suka je wata ƙasa suka ɗauko yara, yadda suka kammala, da abin da ya biyo baya. Daga labarinsu za mu ga mene ne wannan abu, da abin da yake jawo wa yaro da danginsa.

Riƙo dabam, ɗaukar ɗa ta kotu dabam

Mu mun san riƙo. Gwaggo takan ɗauki 'yar ƙaninta, kawu yakan ɗauki ɗan 'yar'uwarsa ya sa shi makaranta a gari. Yaron ya san ubansa, yana amsa sunan gidansu, yakan zo gida lokacin Kirsimeti, in za a yi masa aure kuma dangin ubansa ne a gaba. Gadonsa na gidan ubansa yana nan.

Ɗaukar ɗa ta hanyar kotu, irin wadda ake yi a Turai da Amurka, ba haka take ba. Ranar da alƙali ya sa hannu, doka ta yanke dangantakar yaron da iyayen da suka haife shi. Za a ba shi sabon suna da sabuwar takardar haihuwa mai ɗauke da sunayen sababbin iyaye. A wurinsu zai ci gado. Uwar da ta haife shi ba ta da ikon ta ce a dawo mata da shi, ko ta ce sai ta gan shi, sai dai in sababbin iyayen sun ga dama. Abu ne na har abada. Matsala mai yawa ta faru a duniya domin masu bayarwa suna tsammanin riƙo ne, masu karɓa kuwa sun san mallaka ce.

Yadda abin ya fara a gidan Holt

Harry Holt da matarsa Bertha manoma ne a kusa da wani ƙaramin gari mai suna Creswell, a jihar Oregon ta Amurka. Harry ya yi sana'ar yanka katako ya sami rufin asiri, Bertha kuwa ta koyi aikin jinya. Suna da 'ya'ya shida na cikinsu. A 1950 ciwon zuciya ya kwantar da Harry har aka fid da rai, da ya tashi sai ya ƙudura zai yi wa Allah hidima da sauran kwanakinsa.

A watan Disamba na 1954 suka je wani taro inda Bob Pierce, wanda ya kafa ƙungiyar World Vision, ya nuna majigi a kan yaran Koriya. Ƙasar ta fito daga yaƙin da aka yi daga 1950 zuwa 1953. Cikin yaran da aka nuna akwai waɗanda sojojin ƙasashen waje suka haifa da matan Koriya suka tafi suka bari. A dokar Koriya ta lokacin, ta wurin uba yaro yake samun zama ɗan ƙasa da shiga rajistar iyali. Saboda haka waɗannan yara ba su da gurbi, jama'a suna ƙyamarsu, iyayensu mata kuma suna shan gori.

Da farko iyalin Holt suka fara aika kuɗi kowane wata domin ciyar da wasu daga cikin yaran. Daga baya suka ga kuɗi ba zai ba yaro uwa da uba ba. Suka yanke shawara su ɗauko takwas su zama nasu. A lokacin dukansu biyu sun kai shekara hamsin.

Dokar da ta tare hanya

Nan suka ci karo da doka. Dokar Amurka ta 1953 ta yarda iyali ɗaya su shigo da marayu biyu kaɗai daga waje. Ba yadda za a yi da takwas sai majalisar dokokin ƙasa ta yi musu doka ta musamman.

Suka raba aikin. A watan Mayu na 1955 Harry ya tafi Koriya neman yaran, ya bar matarsa da gona da 'ya'ya. Bertha ta shiga rubuta wasiƙu, maƙwabta da 'yan ikilisiya suna taya ta, ana aika wa 'yan majalisa shaida cewa wannan gida zai iya riƙon yara. Sanatan jiharsu, Richard Neuberger, ya gabatar da batun, majalisa ta amince a cikin wannan shekarar, Shugaba Eisenhower ya sa hannu.

A can kuwa Harry ya yi wata biyar yana bin gidajen marayu, yana kai yara asibiti, yana neman fasfo da biza. A watan Oktoba na 1955 ya sauka a birnin Portland da yara goma sha biyu. Takwas nasu ne, maza huɗu mata huɗu, daga masu rarrafe sai masu koyon tafiya. Sauran huɗun na waɗansu iyalai ne. Cikin kwana ɗaya 'ya'yan gidan suka tashi daga shida zuwa goma sha huɗu. Duk uwar da ta yi goyo ta san abin da ake nufi da ƙananan yara takwas a lokaci guda: wanki ba ya ƙarewa, barcin dare sai rabi. Manyan 'ya'yan gidan suka zama masu reno.

Jaridu suka buga hotunansu a ko'ina, wasiƙu suka riƙa zuwa daga iyalai masu son su ma a samo musu yara. A 1956 Harry da Bertha suka kafa ƙungiya domin wannan aiki. Harry ya koma Koriya, ya gina wurin kula da yara a Ilsan, a can ya rasu a 1964, a can aka binne shi. Bertha ta ci gaba da aikin har ta rasu a 2000 tana da shekara 96. 'Yarsu Molly ta ƙare rayuwarta a Ilsan tana kula da naƙasassu, ta rasu a 2019. Ba mai shakkar cewa mutanen nan sun ba da ransu ga abin da suka gaskata.

Inda sauri ya kawo gyara

Amma tun farko akwai masu jan kunne. Domin a yi sauri, Harry yakan tsaya a madadin iyalan Amurka a gaban hukumar Koriya, a ba shi yaro da sunansu, alhali ba su taɓa ganin yaron ba, ba su kuma taka ƙasar ba. Abin da ya fi dubawa a wurin masu nema shi ne shaidar bangaskiyarsu. Ma'aikatan walwalar jama'a suka ce wannan bai isa ba, dole a shiga gida a ga zamansu, domin mutum yana iya zama mai zuwa sujada amma bai iya riƙon yaro ba. A 1961 Amurka ta hana ɗaukar yaro ta wakilci.

Yau iyalin da suke so su yi abin da Holt suka yi sukan bi matakai kamar haka:

1. Jami'in walwalar jama'a ya zo gidansu sau da yawa, ya bincika lafiyarsu, abin da suke samu, zaman aurensu, da ko an taɓa kama su da laifi.

2. Su tara takardu, a buga musu hatimi, a fassara, a aika wa hukumar ƙasar yaron.

3. Su jira. Jiran yakan kai shekara ɗaya zuwa shekaru da dama kafin a haɗa su da yaro.

4. Su yi tafiya zuwa ƙasar, su zauna da yaron na wani lokaci, su tsaya gaban alƙali.

5. A ba yaron sabuwar takardar haihuwa da fasfo, likita ya duba shi, ofishin jakadanci ya ba shi biza.

6. Bayan sun koma gida, jami'i ya ci gaba da ziyara yana aika rahoto zuwa ƙasar da yaron ya fito.

A Amurka duk wannan yakan ci dala dubu ashirin zuwa dubu hamsin a kan yaro ɗaya. Ku riƙe wannan adadi a zuciya. Inda irin wannan kuɗi yake yawo a tsakiyar talakawa, ba a rasa dillalai.

Sauka daga jirgi ba shi ne ƙarshe ba

Iyalai da yawa sun ɗauka cewa da an iso gida an gama. Yaron kuwa a ranar ne nasa aikin yake farawa. An raba shi da muryoyin da ya saba ji, da abincin da ya sani, da harshen da ya fara koyo. Wani yakan ƙi cin abinci, wani yakan ɓoye abinci a ƙarƙashin shimfiɗa domin ya san yunwa, wani ba ya yarda a taɓa shi. Cikin 'yan watanni harshensa na farko yakan ɓace. In ya shiga makaranta sai ya ga shi kaɗai ne mai irin fuskarsa. In ya girma ya je asibiti aka tambaye shi ko akwai ciwo kaza a danginsu, ba shi da amsa.

Akwai kuma maganar takardu. Waɗansu iyaye a Amurka ba su kammala neman wa yaran takardar zama 'yan ƙasa ba, suna tsammanin hukuncin kotu ya isa. A 2000 aka yi dokar da ta ba irin waɗannan yara zama 'yan ƙasa kai tsaye, amma ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka kai shekara 18 lokacin da ta fara aiki a 2001 ba. Har an mayar da wasu Koriya da girmansu, ƙasar da ba su jin harshenta, ba su kuma san kowa a cikinta ba.

Da yawa cikin yaran sun sami ƙauna da ilimi, suna kuma godiya ga iyayen da suka rene su. Duk da haka dubbai sun koma Koriya suna neman uwar da ta haife su. Ƙaunar sabon gida ba ta kashe wannan ƙishirwa.

Abin da aka gano daga baya

Ƙofar da aka buɗe domin yaran yaƙi ba ta rufu ba bayan yaƙi. Koriya ta Kudu ta aika da yara kusan dubu ɗari biyu zuwa ƙasashen waje. A shekarun 1970 da 1980 mafi yawansu ba marayun yaƙi ba ne, 'ya'yan matan da suka haihu ba aure ne da 'ya'yan matalauta. A 1985 kaɗai an fitar da fiye da yara dubu takwas.

Yaran da suka girma su ne suka matsa a yi bincike. A watan Maris na 2025 hukumar binciken gaskiya da gwamnatin Koriya ta Kudu ta kafa ta ba da rahoto. Ta gano cewa an rubuta wasu yara a matsayin marayu ko tsintattu alhali iyayensu suna da rai, an fitar da wasu ba da yardar iyaye ba, an kuma ba wasu sunan wani yaro dabam. Ta ce gwamnati tana da alhaki domin ta bar ƙungiyoyi masu zaman kansu suna yi ba mai sa ido. A wannan shekarar gwamnati ta karɓe aikin daga hannun ƙungiyoyin.

Kusa da mu ma an ga irin wannan. A watan Oktoba na 2007 hukumomin Chadi suka tare 'yan wata ƙungiya ta Faransa a garin Abeche suna shirin hawa jirgi da yara 103. Sun ce marayun Darfur ne. Da aka bincika sai aka tarar mafi yawansu 'yan Chadi ne, suna da uwa ko uba ko dangi na kusa, an kuma yi wa iyalan alkawarin makaranta ne. Bayan girgizar ƙasa ta Haiti a 2010, an kama Amurkawa goma 'yan ikilisiya a bakin iyaka da yara 33 ba takardu, su ma yawancinsu suna da iyaye. Kyakkyawar niyya ba ta mayar da ɗan wani maraya.

Wani abin da yake rikita lissafi shi ne kalmar maraya kanta. A ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, yaron da ya rasa uwa ko uba ɗaya ma maraya ne, kamar yadda mu ma muke faɗa. Mutumin Turai kuwa in ya ji kalmar, yakan ɗauka yaron ba shi da kowa a duniya. Binciken ƙungiyoyin kula da yara ya nuna cewa kimanin huɗu cikin biyar na yaran da suke gidajen marayu suna da uwa ko uba da rai. Talauci ne ya kai su, ba mutuwa ba.

Dokar duniya da halin da ake ciki

A 1993 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Hague domin gyara wannan al'amari, fiye da ƙasashe ɗari sun shiga. Manyan ƙa'idodinta su ne: a fara neman yadda yaro zai zauna da danginsa, in bai yiwu ba a nema masa iyali a ƙasarsa, fitar da shi waje shi ne na ƙarshe. Dole a bayyana wa iyaye abin da yardarsu take nufi, har da yanke dangantaka. Yardar ta kasance a rubuce, ba da kuɗi ko wata kyauta aka saye ta ba. Ba a karɓar yardar uwa sai bayan ta haihu.

Ƙasashe da yawa sun rufe ƙofar gaba ɗaya ko sun ƙuntata ta ƙwarai: Romaniya a 2001, Guatemala a 2008, Habasha a 2018, Sin a 2024. A 2004 yara kusan dubu ashirin da uku ne suka shiga Amurka ta wannan hanya, a 2023 ba su kai dubu ɗaya da ɗari biyar ba.

Gana ta shiga yarjejeniyar, ta fara aiki a can a 2017. Nijeriya ba ta shiga ba. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ce kotu ce kaɗai take ba da ɗa, mai nema kuma ya zama ɗan Nijeriya, ya kai shekara 25, ya girmi yaron da shekara 21. Jihohi suna da nasu dokokin, amma ba inda fasto, ko mai unguwa, ko mai gidan marayu yake da ikon ba da yaro. Duk wanda ya ce za a gama da dangwala yatsa a tsakar gida, ba hanyar doka yake bi ba.

Abin da za mu yi

In baƙo ya zo da maganar ɗaukar yaro, kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a ranar. A nemi wanda aka amince da shi, ba wanda baƙon ya kawo ba, ya karanta takardar ya fassara ta kalma kalma. A tambaya a fili: sunan wa yaron zai amsa, yaushe zai dawo, wace kotu ce ta sani? A kira dangin uwa da na uba, a sanar da dattawan ikilisiya da mai gari, a je ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. Kada a karɓi kuɗi ko buhun hatsi a kan maganar yaro. A kuma yi wa kowane yaro takardar haihuwa, domin yaron da ba ya cikin rajista shi ne mai sauƙin ɓacewa.

Sai dai hana Mama dangwala yatsa bai ciyar da jikokinta ba. Abin da ya sa ta saurari baƙon shi ne kuɗin makaranta da abinci. Littafin Esta ya nuna mana yarinyar da ta rasa uwa da uba, ɗan'uwanta Mordekai ya riƙe ta kamar 'yarsa, ta girma ta san mutanenta. Wasiƙar Yakubu kuma ta haɗa marayu da gwauraye wuri ɗaya cikin waɗanda za mu kula da su. Sau da yawa hanyar taimakon maraya ita ce a tallafi mai riƙonsa. Ikilisiya tana iya yin gayya a gonar gwauruwa, zumuntar mata ta ware mudu ɗaya ɗaya lokacin girbi, matasa su gyara rufin ɗaki kafin damina, a buɗe ƙaramin asusu na littattafai da rigar makaranta. Akwai yaran da da gaske ba su da kowa, kamar waɗanda suka fara taɓa zuciyar Harry da Bertha. Su ma iyali suke bukata, ya kamata kuma a fara samun wannan iyali a cikinmu, ta hanyar kotu, a fili.

Tambayoyin tattaunawa

1. Yara nawa ne a ikilisiyarmu suke hannun kaka ko gwauruwa? Mun san sunayensu?

2. Me yake sa iyali su yarda su ba baƙo yaro? Wanne cikin waɗannan dalilai za mu iya magancewa da abin da muke da shi?

3. A cikinmu wa za a kira ya karanta takarda in baƙo ya kawo?

4. Yaran riƙo da suke gidajenmu, muna ba su abinci da makaranta daidai da 'ya'yan cikinmu?

Allah ya ba mu hikima. Amin.